Askar Malam Idrisu a Ƙofar Masallaci

Duk wanda ya bi ta bayan babbar kasuwar Djougou, wajen da motocin Kolokonde ke sauke doya, zai ga wata rumfar kwano a gindin mangwaro, da benci ɗaya da tabarma biyu. A nan Malam Idrisu ya shekara arba'in da ɗaya yana aski. Kafin shi mahaifinsa ne a wurin. Kafin mahaifin kuma kakansa, wanda ya biyo fataken goro, ya ga garin ya karɓe shi, ya ajiye zabirarsa bai ƙara gaba ba.

Malam Idrisu gajere ne, siriri, ba ya son hayaniya. Yanzu shekarunsa sittin da uku. Rabin mazan unguwar shi ya yi musu askin suna, kuma yana iya gaya maka wanda ya yi kuka da wanda ya yi barci. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Idan mutum ya zauna a gabansa, ya jiƙa masa kai, ya wasa aska a jikin fata, ba zai ɗora ta ba sai ya tambaya: "Ka yarda?" Ko da mutumin ya shekara talatin yana zuwa duk Alhamis, sai an tambaye shi. In jariri ne, uban ake tambaya. Abokansa na yi masa tsiya a kai. Wani mahauci yakan ce, "Malam, da ban yarda ba me ya kawo ni, kallon mangwaro?" Shi dai sai ya jira har an ce "na yarda", sannan ya yi bisimilla.

Ya ce haka ya ga mahaifinsa na yi. A zamanin fatake baƙo ne zai sauka daga tafiyar wata biyu, duk dukiyarsa ɗaure a ƙugu, ya miƙa wuyansa ga mutumin da bai taɓa gani ba, mai riƙe da ƙarfe mai kaifi. Tambayar ita ce shaidar cewa kan na mai shi ne, wanzami aro aka ba shi.

Cikin 'ya'yansa bakwai, ɗaya ne kawai ya ɗauki sana'ar, shi ne Saifullahi, na biyar. Shi ma ba irin ɗaukar da uban ya so ba. Ya tafi Parakou yana ɗan shekara goma sha tara, ya koyi aski da inji, wanda a nan ake ce wa tondes, ya samu kujera a wani shago a unguwar Ladjifarani. Yana zana layi da tauraro a kan samari, kuma nasa kan ma bai bar shi haka ba: gefe da gefe a saisaye, tsakiya a tsaye kamar tsefe, an ɗan shafa masa ja. Ranar da Malam Idrisu ya fara ganin kan, sai ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗauko hula ya ajiye a gaban yaron. Tun daga nan Saifullahi ba ya shiga gidan ubansa sai da hula, ko da rana na dukan ƙwaƙwalwa.

A bara hannun Malam Idrisu ya fara rawa. Ba sosai ba, amma shi ya sani, matarsa Rakiya ma ta sani, don ita ke ganin yadda ƙoƙon kunu ke kaɗawa da safe. Ita ta matsa masa ya kira yaron. Ya yi wata biyu yana jinkiri, sannan ya kira. Saifullahi ya ce zai zo ya yi watan azumi a rumfar, ya gani. In wurin ya yi masa, zai kwaso kayansa ya dawo gida gaba ɗaya. In bai yi ba, kujerarsa na jiransa a Parakou. Abin da Malam Idrisu ke so a duniya a lokacin bai wuce yaron ya zauna ba, don in ya koma, rumfar ta ƙare a kan uban.

Sati uku suka yi lafiya. Tsofaffi suna zama a tabarma gaban uban, samari suna hawa benci gaban ɗan, an jawo wuta daga shagon mai ɗinki na kusa. Ba sa yawan magana, amma Rakiya ta lura mijinta ya fara cinye abincin buɗa-baki.

Ana cikin haka Alhaji Djibril ya dawo daga Najeriya. Babban ɗan kasuwa ne, mai kai waken suya da kashu, kuma shi ne shugaban kwamitin masallacin unguwar. Ya dawo da bidiyo a wayarsa. A wata jiha da ya sauka, in ji shi, gwamnati ce da kanta ta sa ma'aikata masu kaki su riƙa tare samari a titi. Duk mai askin banza a zaunar da shi a bakin kwalta a aske, duk mai yagaggen wando ko wanda ya sauke shi ƙasan ƙugu a kai shi ofis. Alhaji ya nuna wa 'yan kwamiti bayan la'asar, wayar tana yawo daga hannu zuwa hannu. Ya ce abin da ya kamata a yi a nan ke nan kafin Sallah, don kada a je Idi da kawuna kamar na zakaru.

Mai unguwa, wanda ake kira delege, ya ce a Benin babu doka irin wannan, kuma shi ba zai je kwamisariya, ofishin 'yan sanda, ya yi bayanin abin da bai sa hannu ba. Alhaji ya ce ba a bukatar doka. Iyaye ne za su kawo 'ya'yansu da kansu ranar Juma'a bayan an sauko, kwamiti kuma ya kawo wanzami. Ba wanda ya tambayi wane wanzami. Gidan su Malam Idrisu ne ke yi wa gidan su Alhaji aski tun kakanni, kuma a al'adar wanzamai, in gidan da kake wa aiki ya aiko, ba ka cewa ba za ka je ba. Da ɗan aike ya zo rumfa ranar Laraba, Malam Idrisu ya ce, "Ka ce wa Alhaji ina zuwa."

Saifullahi na tsaye a wurin, inji na kuka a hannunsa. Ya ƙarasa kan da yake yi, ya kakkaɓe zanen, ya jira mutane suka ragu.

"Baba, da gaske za ka je?"

"An kira ni."

"Yaran nan ni na yi musu askin. Jiya na yi wa uku daga cikinsu. Gobe ka bi bayana ka goge a gaban jama'a, wa zai ƙara zama a gabana a garin nan?"

"Ni ma ba son askin nake ba, ka sani."

"Na sani. Shekara shida ina sa hula a cikin gidanmu, ai na sani. To ni ma a kawo ni Juma'ar? Ko don ni ɗanka ne za a tsallake ni?"

Malam Idrisu ya ci gaba da jera asake a zabira. Shi mutum ne da bai iya bayyana abin da bai riga ya yi ba, kuma gaskiyar magana, a ranar shi kansa bai san abin da zai yi ba. Ya dai san zai je. Saifullahi ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Ranar Juma'a da hantsi ya naɗe wayar injinsa, ya durƙusa ya yi wa mahaifiyarsa sallama, ya hau motar Parakou. Rakiya ta fito tsakar gida ta ce wa mijinta, "Malam, ka je ka aske 'ya'yan mutane, ka dawo ka zauna kai kaɗai a rumfarka." Ya rataya zabira ya tafi masallaci.

Bayan an sallame, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci, aka ajiye benci. Samari takwas aka kawo, wasu iyayensu maza na riƙe da hannunsu, wasu yayyensu. Jama'a ba su watse ba, masu zemijan, 'yan acaɓar garin, ma sun kashe babura sun tsaya kallo. Alhaji Djibril ya yi ɗan jawabi a kan tarbiyya, ya ɗaga wayarsa sama don a ga yadda ake yi a can.

Malam Idrisu ya zauna, ya buɗe zabira, ya zuba ruwa a ƙoƙo. Aka turo na farko, wani dogon yaro mai koyon gyaran babur, idonsa ya yi ja. Malam Idrisu ya jiƙa masa kai a hankali, ya wasa aska, ya gwada ta a gashin hannunsa. Sannan ya duƙo ya ce, "Ka yarda?"

Yaron ya ɗago ya dube shi, ya dubi ubansa.

"Kai nake tambaya," in ji Malam Idrisu. "Ka yarda?"

"A'a, Baba."

"To tashi. Na gaba."

Na biyu ya zauna, aka jiƙa kansa, aka tambaye shi, ya ce a'a, ya tashi ruwa na gangaro masa a wuya. Kafin a zo na uku Alhaji ya matso.

"Wanzam, wane irin wasa ne wannan? Ubansa ya yarda, ga shi nan tsaye!"

"Ranka ya daɗe, uba nake tambaya in jariri ne. Wannan yana da gemu."

"Ni na kira ka aiki!"

"Ka kira, na zo. Ga aska, ga ruwa, ban bar komai a gida ba. Amma kai ma duk Alhamis sai na tambaye ka, ba ka taɓa cewa wasa nake ba."

Wani tsoho daga cikin 'yan kwamiti, wanda suka yi makarantar allo tare da Alhaji, ya kasa riƙe dariya. Ya ce, "Djibril, bar shi. Ai baban wannan ne ya bar maka zanko a tsakiyar kai har ka shekara goma sha biyu, kana kuka in an ce za a aske. Mu mun gani." Dariya ta kama sahun tsofaffi, don kusan kowannensu ya yi zanko ko tukku yana yaro. Alhaji ya ce zanko daban, wannan daban. Tsohon ya ce bambancin kawai shi ne nasu ba a shafa masa ja ba, don ba su samu ba ne.

Bakwai suka ce a'a. Na takwas, wani ɗan dako daga tashar doya, ya tambaya ko kyauta ne. Aka ce kyauta ne. Ya ce to ya yarda, dama zafi ya dame shi. Malam Idrisu ya yi bisimilla ya aske shi ƙwal, a tsanake, hannun bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ya tattara gashin a ƙyalle, ya wanke askarsa, ya yi wa Alhaji sallama da ladabi ya tafi gida.

Abin bai wuce haka kawai ba. Alhaji ya yi fushi, kuma da aka haifa masa jika bayan Sallah, wani wanzami aka kira daga wata unguwa. Wannan ne karo na farko cikin shekaru kusan ɗari da aka yi suna a gidan ba da askar gidan su Malam Idrisu ba, kuma Malam Idrisu ya ji zafin abin, bai ɓoye ba. Biyu daga cikin samarin kuma iyayensu sun aske su a gida da almakashi a daren ranar. Kwamiti bai sake tayar da maganar ba.

Saifullahi ya ga abin da ya faru tun kafin ya kwance jakarsa a Ladjifarani, domin wani mai zemijan ya ɗauka a waya, kuma kafin la'asar bidiyon ya zagaye Parakou. Abokan aikinsa suka yi ta maimaita shi suna kwaikwayon muryar tsohon. Bai kira gida ba ranar, bai kira ba washegari. Ya gaya wa mahaifiyarsa daga baya cewa kunya ce ta hana shi.

Ranar Litinin da safe, Malam Idrisu na share gindin mangwaro, wata mota ta tsaya a bakin hanya. Aka sauke kujera mai juyawa, da babban madubi naɗe cikin bargo, da katifa, da buhu biyu na kaya. Saifullahi ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ka zo da katifa," in ji uban.

"Na sallami ɗakin, Baba."

Malam Idrisu ya jingine tsintsiya, ya kama gefe ɗaya na madubin, suka shigar da shi rumfa tare. Sun ɗan yi gardama a kan inda za a kafa shi, don uban ba ya son ya fuskanci alƙibla, ɗan kuma yana son haske. Aka kafa shi a kudu. Sai Saifullahi ya warware wata babbar takarda mai hotunan kawuna iri talatin, wadda samari ke nuna wanda suke so a ciki. Malam Idrisu ya tsaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, ya kai kusan minti biyu. Ya nuna na goma sha bakwai da yatsa.

"Wannan ko an yarda, kar ka yi shi a rumfata."

"Shi aka fi so, Baba."

"To ka yi shi in na tafi azahar."