Jan layin da na ja a wuyan zakin Yaya Mamman

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Yaya Mamman makwancinsa a Kaura Namoda, kuma har yau ban san ko ceto na yi masa ko kisa ba.

Wana ne, ciki ɗaya. Tun ana lodin gyaɗa da auduga a tashar jirgin ƙasa yake zana zaki a ƙofar bayan manyan motoci. Bai yi boko ba. Ni na gama firamare, don haka ni ke yin rubutun, shi ya yi hoton. A lokacin zanen nan ba ado ba ne kawai. Mutanen ƙauye ba su karanta lambar mota, zakin suke ganewa. Mace a Jangeru ta hango wutsiyarsa, ta san maigidanta ya dawo daga kasuwar Shinkafi, ta ɗora tukunya.

Ni mutum ne mai wasiwasi. Nakan sake alwala sau uku. Wata rana na ji a wurin karatu cewa mai zana abu mai rai yana cikin haɗari ranar hisabi, sai in an raba kan da gangar jiki. Abinci ya daina shiga mini. Wata biyu ina bin sa ina roƙo.

"Ƙane, mi kaka so in zana musu? Kabewa?"

"Layi ɗaya kawai a wuya, Yaya."

Ya ƙi. Ranar da ya tafi jana'iza Sakajiki, na ɗauki buroshi da jan fenti, na bi motoci huɗu da ke jiran bushewa, na yanka zakunan.

Wani direban Zurmi ne ya fara gani. A gaban jama'a ya ce, "Mamman, zaki na ko ragon layya? Wa ka hawa hanya da yankakke a bayanai?" Tasha ta kwashe da dariya. Daga ranar sunansa ya koma Mahauci. In ya wuce sai a ce, "Mahauci, a yanko mana cinya!" Direbobi suka camfa hannunsa, suka koma wurin masu zanen Gusau.

Ya san ni ne. Bai faɗa wa kowa ba, cewa ya yi shi ya ja layin. Amma bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Ya ƙare rayuwarsa yana shafa wa shaguna farin fenti.

Yau duba garin. Fuskokin 'yan siyasa a jikin mota, a katanga, a kan turakun wuta. Inji ke buga su, ba wanda ya san sunan mai aikin, ba kuma mai gane motar mijinta da su. Har mai wa'azi na gani da hotonsa a takardar gayyata, wuyansa lafiya lau. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce. Na san kallona kawai zai yi, ya ja kwanonsa gefe.

Bara na tarar da ɗaya daga ƙofofin nan huɗu a Sakajiki, an tare garken awaki da ita. Rana ta cinye zakin, sai ka ƙura ido kafin ka ga gashin wuyansa. Layina kuwa yana nan ja wur. Sau biyu na shafa fentin ranar da na ja shi, don tsoron kada shafa ɗaya ta kasa isa a wurin Allah.