Ƙanin Zuma da ke Bayan Gidan Yahaya

Matso nan ka zauna, in ba ka labarin Malam Yahaya na Iku ta wajen Suleja, manomin doya, mutumin da ya yi wa duniya kyautar dutse.

A bayan gidansu akwai wani falalen dutse, tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba. A kansa Yahaya yake miƙe baya kullum bayan azahar tun yana saurayi, har bayan nasa ya haddace kowane lotsi. Kwatsam sai yayansa Lawal ya ce za a fasa dutsen a gina ɗakunan haya, tunda ma'aikatan Abuja sun fara kwararowa unguwar.

A rediyo Yahaya ya ji cewa akwai duwatsu da dazuzzukan da ƙasashen duniya suka taru suka ce na kowa ne, ba mai taɓa su. Ya ce to ai nasa ma ƙanin Dutsen Zuma ne, uwa ɗaya uba ɗaya, girma ne kawai Allah bai ba shi ba. Saura a tara ƙasashe.

Bai sha wuya ba. Ya shiga kasuwar Suleja, ya ɗauko mai shayi ɗan Nijar, da tela ɗan Gana, da wani ɗan Togo mai manna tayil, ya cika keke mai ƙafa uku da su. Matarsa Jummai ta daka sakwara. Suka ci a kan dutsen, suka wanke hannu, suka yanke hukunci cewa lallai wannan dutse na duniya ne.

Ranar da Sylvester, mai fasa dutsen da Lawal ya ɗauko, ya iso da gudumarsa, ya tarar ana cin sakwara a kan dutsen, sai Yahaya ya tambaye shi ƙasarsu. Ya ce Kamaru.

"Madalla, dama kujerar Kamaru ce babu kowa. Bisimilla, hau."

Sylvester ya dubi guduma, ya dubi miyar agushi, ya hau. Lawal ya zo yana ta faɗa, aka gaya masa cikin ladabi cewa yanzu maganar ta fi ƙarfin Najeriya.

Dutse dai ya tsira. Sai dai kullum bayan azahar ƙasashe huɗu na zaman taro a kansa, Nijar har da butar shayinta. Da Yahaya ya nufo da tabarmarsa, ɗan Gana ya tare shi.

"Baba, kwanciya tana cinye dutse. Mun hana."

Yanzu a ƙasa yake kwanciya, gefen dutsen, yana jin duniya tana neman ƙarin miya. To kai a ganinka, tsakanin gudumar Sylvester da tukunyar Jummai, wacce ce ta raba Yahaya da dutsensa?