Irin 'Yar Baba

A ƙauyensu na bayan Illo, Kimba kaɗai ya ƙi rabuwa da tsohuwar shinkafa, ja mai dogon kara, wadda idan kogin Kwara ya cika ya hau fadama, ita ma sai ta yi ta miƙewa tana bin ruwan. Mahaifiyarsa 'Yar Baba ce ta bar masa irin a tukunya, da sunanta ake kiran shi. Shekara ashirin ana yi masa dariya, har shekarar da ambaliya ta shanye gonar kowa, tasa ta tsaya kore shar a kan ruwa.

Sai ga Haliru, abokinsa tun suna kiwon awaki, yanzu shugaban manoman gunduma, da baƙi 'yan wata ƙungiya mai taimakon manoma kan sauyin yanayi. Suna son irin, su yawaita shi da rani, su raba kafin damina.

"Tsoho mai taurin kai, yau dai ranarka ce," in ji Haliru. "Ba su duka. Buhu guda za a maido maka, da sunan Inna a jiki."

Kimba ya ce don jama'a ya bayar. Amma a ransa ya san abin da yake so: a kira shi a gaban masu dariyar nan. Ya juye tukunyar har da buga gindinta.

Ranar rabo ya sha babbar riga. Lamba ce a jikin buhunan, ba suna. Aka kira mutane har aka naɗe takarda, ba a kira shi ba. Ya matsa wurin wata ma'aikaciyar ƙungiyar.

"Baba, yi haƙuri," ta ce, tana nuna masa taswira a waya. "Gonarka ta faɗa ƙasar Benin da taku arba'in. Shirin na Najeriya ne."

"Wa ya auna?"

"Malam Haliru ya zaga da mu, tun kafin mu zo gidanka."

Haliru na can gefe, makullin ɗakin ajiyar iri a hannunsa. Bai ɗago ba.

"Ka biyo gida gobe, in ɗibar maka mudu cikin nawa," in ji Haliru.

"Naka," Kimba ya maimaita.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kimba ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa inda wani buhu ya yoye, yana tsince jajayen ƙwayoyin ɗaya ɗaya cikin hularsa. A wannan karon ba wanda ya yi dariya.