Kabaren da Aka Kora daga Tsamiya

A gidanmu tatsuniya da ɓarar gyaɗa tare suke zuwa. In aka gama girbi, sanyi ya fara shigowa, sai a zube gyaɗar iri a ƙofar ɗakin kakarmu, Iya Hanne, a hura wutar kara da guntun kututture. Bayan sallar isha'i mu yaran gida mu kewaye wutar, kowa da ƙoƙonsa. Dokar Iya ɗaya ce: duk wanda hannunsa ya tsaya da ɓara, to ya tashi ya kwanta. Har yau in na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa a wuta, fuskarta nake gani, tana tura garwashi da tsinken kara.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga baƙuwa nan a ƙofa, wa zai ba ta tabarma?" Mu haɗa baki mu ce, "Mu ne, ta shigo!"

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai guda ɗaya da ba na so, ita kuwa duk shekara sai ta kawo ta.

Wai akwai tsuntsayen kabare, irin rawayen nan masu saƙa sheƙa tana lilo a reshe, da suka gaji wani tsohon gawo tun kakanninsu. Shugabansu ya lura gara ta cinye gindin gawon. Bai tashi ya ce a tashi ba. Reshe-reshe ya bi, yana zama da kowa, yana jin ta bakinsa. Tsofaffi suka ce a nan aka ƙyanƙyashe su. Mata suka ce ba za su je inda maciji zai hau ba. Matasa suka ce su dai kusa da gonar gero. Ya yi ta sauraro har aka daidaita a kan wata tsamiya a bakin rafi, kowa ya ce ya yarda. Suka kwashi ciyawa tare, suka yi saƙa tare. Ba a daɗe ba gawon ya faɗi, babu ko ƙwai ɗaya a kansa.

Sai ruwan farko ya zo da iska, sheƙa ɗaya ta tsinke daga tsamiya, ƙwan da ke ciki suka fashe. Gari na wayewa tsuntsaye suka taru suna cewa, "Wa ya kawo mu nan?" Suka yi wa shugaban rubdugu, suka fige shi, suka kore shi. Su kuwa suka ci gaba da zamansu a tsamiya, suka hayayyafa har reshe yana rankwafawa.

Nan Iya take kaɗe zaninta ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta."

Wani dare na kasa haƙuri. Na ce, "Iya, ba su je sun ba shi haƙuri ba?"

"Ba su je ba."

"To ai duk sun yarda da tsamiyar!"

"Sun yarda mana," in ji ta. "Da rana tsaka suka yarda. Kai ɓare gyaɗarka."

Na girma, na yi karatun koyarwa, Iya ta rasu ina shekarar farko da fara aiki. Bayan an yi ta yawo da ni makaranta-makaranta, aka ba ni hedimasta a wata firamare a wani ƙauye can yankin Makoda. Na tarar da makarantar ta kusa mutuwa. Da damina yara suna gona, ranar kasuwa suna talla, da safe suna makarantar allo. Malamai sai su zauna a gindin darbejiya suna hira har a tashi.

Ban zo da bulala ba. Zaure-zaure na bi. Na zauna da manoma bayan la'asar, maiɗakina ta bi gidajen suna da biki tana jin ta bakin iyaye mata. Abin da nake tambaya ɗaya ne: me kuke so ɗanku ya zama, kuma me kuke tsoro makarantar nan ta raba shi da shi? Kowa Alƙur'ani ya fara ambata, sannan gona, sannan kunya da ladabi. Wanda ya fi kowa ba ni wuya shi ne Malam Sabo, mai makarantar allo ta garin. Sai da na yi ta zarya kafin ya ce, "Malam, in karatunmu zai shiga makarantarku da mutuncinsa, ni ma zan shiga."

Haka muka daidaita. Malam Sabo zai riƙa biya wa yara allo a cikin makaranta da sassafe. Ranar kasuwa a tashi da wuri. Lokacin cirar gyaɗa a sallami manyan aji bayan hutun tara. Su kuma iyaye za su turo yaransu sauran ranaku, maza da mata. A ƙofar masallaci aka shafa fatiha a kan haka, mai unguwa yana zaune.

Makaranta ta cika har yara suna zama a baranda. Mun nemi ƙarin aji daga ofishin ilimi, shiru. Mutanen gari da kansu suka ce a yi gayya. Maza suka kwaɓa ƙasa, mata suka jido ruwa, aka ta da ɗaki na tubali aka rufa da kwano. Ranar da aka gama, har fura aka dama.

A tsakiyar damina ta biyu, bayan kwana da kwanaki ana ruwa, bangon gabas na sabon ɗakin ya zube ana cikin darasi. Allah ya taƙaita, amma ya danne wata yarinya 'yar aji biyu, Bilki, ya karya mata cinya. Ni na ɗauke ta a babur zuwa asibiti, tana kiran innarta har muryarta ta dushe.

Sai ga jami'i daga ofis. Aka tara gari a filin makaranta. Ya ce, "Wa ya ba da izinin wannan gini? Wa ya canza lokutan karatu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shawarar gari ce gaba ɗaya. Ga su nan."

Na juya na dube su. Mai unguwa yana kallon takalminsa. Malam Sabo yana jan carbi. Can daga baya wani ya ce, "Mu dai hedimasta ya ce mu yi, muka yi." Babu wanda ya ce masa a'a. Kafin wata ya ƙare aka sauke ni, aka mayar da ni malamin aji a wani gari mai nisa.

Ranar da nake ɗaure kaya, Malam Idi, mahaifin Bilki, ya zo ya tsaya a bakin zaure. Sannan ya ce, "Malam, bangon nan ni na ɗora tubalinsa da hannuna."

Na ce, "Na sani, Malam Idi. Ranar taro kana ina?"

Ya ce, "Ina nan." Ya taya ni ɗora buhu a mota, ya tafi.

Tsarin nan yana nan har gobe. Wanda ya gaje ni bai taɓa komai a ciki ba, ofis ma ya zo ya gina aji na siminti a gurbin wanda ya faɗi. Ina jin labari makarantar ta fi duk na kewaye yara.

Ina yaro na ɗauka Iya mugunta take yi da ta hana tatsuniyar nan daɗin ƙarshe. Yanzu na gane gaskiya take faɗa mana, ba ta so mu girma muna zaton wanda ya haɗa kan jama'a zai same su a bayansa ranar da abu ya ɓaci. Ba ta taɓa cewa kada a yi ba. Cewa take a yi, a kuma san abin da ke jira. Sai dai akwai abin da ba ta gaya mini ba: shi tsuntsu in an kore shi tashi yake ya yi nisa, mutum kuwa kasuwa ɗaya yake ci da waɗanda suka yi masa shiru.

Bara na haɗu da Malam Sabo a kasuwar Tsanyawa. Ya riƙe hannuna biyu-biyu yana murna, ya ce yara sun yi yawa, allon safe yana cin lokacin darasi, me nake gani za a yi? Na tsaya cikin rana na ba shi shawara, dalla-dalla, domin yaran ba su yi mini komai ba. Ya yi godiya, ya ce, "Ai kullum muna cewa ba a yi hedimasta kamarka ba."

Na ce, "A ina kuke faɗa, Malam?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.