Ranar da na nome wa Baturiya gona

Yanzu duk ganyen miyar da kake so za ka same shi a shagunan 'yan Afirka na Greensboro, birnin da muke zaune a ƙasar Turawa. A shekarun dubu biyu da 'yan kai ba haka abin yake ba, kuma a lokacin ne na tafka abin da ba zan manta ba har in koma ga Allah.

'Yata ce ta shigar da mu tsarin wata gona a Summerfield, can bayan gari: ka biya tun ba a yi shuka ba, kowace Asabar a ba ka kwalin ganye. Na zauna Abijan, na zauna Jidda, ban taɓa ganin inda mai saye zai biya abin da bai tsiro ba, sannan a ce ya zo ya taya cire ciyawa. Amma attajiran unguwar Irving Park rububin zuwa suke, da safar hannu da malafa, suna ɗaukar hoto da fartanya.

Ranar aikin gayya mai gonar, wata Baturiya doguwa, ta tashi nuna mini abin da zan cire. Na ɗaga mata hannu a gaban jama'a, na ce tun ba a haife ta ba nake noma. Ta bar mini layi uku ta tafi.

Ina dubawa sai ga alayyafo kore shar, wani ɗan haki mai wari ya shaƙe shi. Na sunkuya na tuge hakin tas, na tara wa alayyafon ƙasa a gindi.

Da ta dawo sai ta dafe kai. Ashe hakin nan shi ne shukar, ganyen salak ne mai tsada da kowane gida ke jira a kwalin makon. Alayyafon kuwa shi ne ciyawar da take yaƙi da ita.

Hajiya matata na tsaye, ba ta raga mini ba.

"Sannu da aiki, Sarkin Noma."

"To ai abinci na bar musu," na ce.

"Sai ka bi su gida-gida ka koya musu miyar taushe, Alhaji."

Makon nan kowa alayyafo ya samu a kwalinsa. Mutanen Irving Park suka yi ta yabon sabon ganye daga Afirka, alhali shi suka wuni suna tugewa suna zubarwa.

Baturiyar ba ta kore mu ba, amma ba ta ƙara ba ni fartanya ba. Ɗaukar kwali zuwa mota ya zama aikina. Tun daga ranar, gonar kowa na shiga, sai na tambayi abin da aka shuka kafin in sunkuya.