Yanayi Ya Canza

Lokacin ina shara da tafinta a wani ƙaramin asibiti a unguwar Sukra ta garin Sabha, inda na je ci-rani, aka tara ma'aikatan lafiya wai za a koya musu sauyin yanayi. Ni daga baya na tsaya da tsintsiyata, ban yarda da zancen ba. Zafi ne baƙo a Sabha da sai an kunna majigi kafin a san shi?

Wata Daktora ce take koyarwa, Bafezzaniya, wato 'yar asalin yankin, kakarta Bahaushiya ce, don haka tana ɗan taɓa Hausa. Ta ce zafin yanzu ya fi daɗewa, ruwan rijiyoyi yana ƙara gishiri, mai aikin gona kuwa gumi ne yake cinye masa ƙoda a hankali. Ta ce su riƙa tambayar lebura inda yake aiki, su kuma dubi launin fitsarinsa. Tambayar wurin aikin nan ita ta tsaya mini a rai. A Sabha shurɗa ne suke yin ta, wato 'yan sanda.

Amma zancen fitsarin ya taɓa ni. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana ban ruwa a wani lambu a ƙauyen Samnu. Fitsarinsa ya koma kamar shayi, ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya rantse ba zai taka asibiti ba, kada a tasa ƙeyarsa zuwa gida Damagaram. Ina tsoron ciwon ya kashe shi, ina kuma tsoron in zama ni na kai masa hukuma.

Da aka ce masu koyo za su fita gwaji a lambuna, na bi su ina zargin kowa, har direba. Muka sauka a lambun da Kawu yake aiki, leburori suna hutawa a inuwar dabino. Kafin in buɗe baki Daktora ta riga ni, tana murmushi da Hausar kakarta.

"Sannunku! Yanayi ya canza, shi ya sa muka zo."

Innalillahi! A bakinmu na baƙin Sabha, in an ce yanayi ya canza, ana nufin an fara kame. Kafin ta rufe baki ƙarti sun tsallake katanga, wani ko takalmi bai ɗauka ba. Kawu kaɗai ya rage, ƙafa ta hana shi gudu. Ya dube ni da wani ido da har yau yake yi mini ciwo.

"Kai ma, ɗan nan?"

"Kawu, lokotoro ne fa, masu ba da magani, tansiyo kawai za su auna."

Bai saurare ni ba. Ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa wa Daktora, yana jiran ankwa. Ta yi turus, idonta ya kawo ruwa, sannan ta raba hannuwan ta ɗaura masa abin awon tansiyo, wato hawan jini. Da ta ga awon sai ta ce a sa shi a mota.

Ƙodar ta taɓu, amma an tare ta da wuri. Yanzu gadi yake yi a inuwa, da jarkar ruwa a gefensa, kuma ba wanda ya mayar da shi gida. Duk da haka in na kai masa magani ba ya sha a gabana, sai ya ga na fita.