Jirgin da Ban Je Na Gani Ba

'Yata ta fari injiniyar jiragen ruwa ce. Yau ga shi na rubuta a takarda, amma shekara huɗu cur ina gaya wa matan unguwarmu ta Harra ta Gabas, a nan Madina, cewa malamar makaranta ce.

Ba na kiran sunanta, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na yayana ba. "'Yar nan" nake ce mata. Da wannan kunyar ta ɗan fari na daɗe ina fakewa. In an tambaye ni ita, sai in kau da kai in ce tana lafiya, mutane su ce kai, wannan baiwar Allah akwai kawaici. Kawaicin me? Tsoron bakin mutane ne kawai.

Abin ya soma ne daga yayar mai gidana, Allah ya ji ƙansa. Ita ke zaune a hawan ƙasa, mu a sama. Yara na ce mata Goggo, ni ina ce mata Yaya. Wata la'asar muna shan gahawa da dabino, mata sun kai takwas, ta ajiye finjali ta ce, "Wai da gaske ne yarinyar nan hular kwano take sawa, tana yawo cikin maza masu walda?" Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Haba Yaya, wa ya faɗa miki? Koyarwa take yi a Yanbu." Aka ce masha Allah, aka ci gaba da shan gahawa.

Gaskiyar ita ce tana cikin waɗanda suka zana wani jirgi na sojan ruwa. Ba na yaƙi ba ne. Aikinsa auna ƙasan teku, a san inda yake da zurfi da inda duwatsu suka taso suna jiran su farke cikin jirgi, a zana taswira. A wata ƙasa aka ƙera shi, tana zuwa tana dawowa, ni kuma ina cewa ta tafi kwas na malamai.

Ta taɓa ƙoƙarin nuna mini aikinta. Wata Juma'a ce, ina hada-hadar abincin rana, ta ɗauke bahon da nake wanke shinkafa, ta cika shi da ruwa, ta ɗora robar madara a kai tana turawa da yatsa.

"Shufi ya Ummi, duba. A ƙarƙashin jirgin akwai na'ura, tana aika sauti ƙasa, ta saurari dawowarsa. Da haka ake sanin zurfi. To in goshin jirgin ya yanki ruwa, kumfa na tashi." Ta sa tsinken shan lemo ta hura a gaban robar. "In kumfar nan ta bi ta ƙarƙashi, na'urar ta kurmance, halas. Ni aikina in gyara siffar goshin, kumfar ta bi gefe. Wata takwas muna fama da wannan kaɗai. Injin ma a kan roba muka ɗora shi don kada ƙararsa ta dame ta."

Fuskarta na ta walƙiya. Kun san me na ce? Na ce, "Ke dalla kwashe mini wannan shirmen, kin jiƙa mini ƙasa." Ta kwashe, ta goge wurin da tsumma.

Abin takaicin, na fahimci duk abin da ta faɗa. Kakata ta ƙetaro tekun nan daga Sawakin a jirgin katako, kuma har ta rasu, in ta tuna ƙarar da cikinsa ya yi a kan dutse sai ta toshe kunne. Ni ce ya kamata in fi kowa sanin amfanin wannan aiki.

Da aka gama jirgin, aka kawo shi tashar jiragen ruwa ta Yanbu don gwaji. Aka ba ma'aikata dama kowa ya kawo mutum ɗaya ya hau ya gani. Mutum ɗaya tak. Ta kira ni, ta ce sunana ta bayar, in turo hoton katina a yi mini takardar shiga, mota kuma za ta zo ta ɗauke ni da hantsi. Na ce to, Allah ya kai mu. Kuma da gaske nake, na so zuwa. Na goge sabuwar abayata, na yi mata dambun nama cike da kwano.

Ƙamshin dambun ne ya hawo da Yaya sama, ana gobe tafiya.

"Ina za a je da wannan?"

"Yanbu, wajen 'yar nan."

"Alhamdu lillahi! To da ni za a. In ga makarantar tata, in sayo kifi ɗanye. Rabona da ganin teku har na manta."

Na ce motar ƙarama ce. Ta ce ita ɗin buhu nawa ce? Na ce akwai zafi. Ta ce a Madina aka haife ta, ba a cikin ƙanƙara ba. Ta sauka tana murna za ta nemo takalmi.

Magana ɗaya ce ta rage mini: in bi ta ƙasa in ce, Yaya, ƙarya na yi muku. Matakala goma sha biyu ce tsakaninmu. Na tsaya a ta farko, na hango a raina matan nan takwas da finjalinsu, na koma ciki.

Da safe na kira 'yata na ce gwiwata ta kumbura, ko banɗaki da ƙyar nake zuwa. Ta ce, "Salamtik ya Ummi, Allah ya sawwaƙe. Kin sha magani? Kada ki damu, jirgi ne kawai." Ta sallami direban. Na ɗaure lafiyayyar gwiwa da bandeji saboda Yaya, na wuni a kwance kamar gaske. Da yamma hotuna suka shigo wayata. Abokan aikinta kowa da uwarsa ko ubansa, wani tsoho har da sandarsa. Ita tana tsaye a gefe da farar hular kwano a kan mayafinta, ta riƙe wata hular a hannu, wadda da ni zan sa. Na yi kuka, amma ni na san ba ni da bakin yin sa.

Bayan mako biyu ta zo gida da maganin shafawa na gwiwa. Muna zaune Yaya ta hawo, suka gaisa, ta ja ta jikinta ta ce, "Malama! Ya 'yan makaranta? Suna jin magana kuwa?"

'Yar nan ta dube ni. Ba ta daɗe ba, amma na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Sai ta juya ta ce, "Suna lafiya, Goggo. Suna gaishe ki."

Da Yaya ta sauka, na bi ta kicin. Tana wanke kofuna, ta ba ni baya. Na buɗe baki, ban san ta inda zan fara ba. Ita ta riga ni, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Ummi, aji nawa nake koyarwa? Don kada maganarmu ta sha bamban."

Nan ne ya kamata in rungume ta, in ja hannunta mu sauka ƙasa tare. Allah ya yafe mini, na ce mata, "Aji huɗu."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da wanke kofunan.